Safiyar da Baba Ya Makara

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa daga gare ni da duk mutanen gida, tare da fatan wannan takarda ta iske ka lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali, ya raba ka da ciwon bayan nan da ka ce yana hana ka sunkuyo, ya sa albarka a aikinka, ya kuma kawo ranar da za mu gan ka ido da ido, ba a fuskar waya ba inda kullum rabin kanka da fankar ɗakinka kawai muke gani.

Mu nan sai godiyar Allah. Inna tana nan da ƙarfinta daidai gwargwado. Ƙafa ce dai take ba ta wahala, amma ido da baki lafiyarsu lau, don har yanzu daga inda take zaune tana hango ƙurar da ke saman kabad, ta kuma faɗi sunan wanda ya kamata ya goge. Ni ma gwiwa ta yi sauƙi tun da na koma ɗakin ƙasa. 'Yata ta tsakiya ta sauka lafiya, an sami mace mai dogayen yatsu irin na Baba. An gyara rufin ɗakin baya da yake yoyo. Bishiyar da ka dasa a tsakar gida kuwa ta wuce katanga, har maƙwabta sun fara ƙorafin ganye. Kunnen Kawu ya ƙara nauyi, sai an ɗaga murya, amma in maganar abinci ce ko raɗa aka yi yana ji.

Na san za ka ce me ya hana ni kiranka a waya, na zauna ina ɓata takarda kamar mutanen da. Dalili shi ne ina so ka karanta wannan a zaune, ba kana tuƙi kana ce mini "ina jin ki, Yaya" alhali ba ka ji ba. Maganar Baba ce, Allah ya jiƙansa, da labarin makarar nan tasa da muka tashi muna yi wa dariya. Saura ƙiris a bar sunansa a waje a inda ya fi kowa cancantar shiga, kuma da hakan ta faru, da mu 'ya'yansa ne muka jawo.

Ka san labarin kamar yadda na san shi. A zamanin Turawan mulkin mallaka Baba ne mai busa jiniya a ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa. Shi ke riƙe da makullin ɗan ɗakin da jiniyar take, ƙarfe bakwai daidai ya busa, ma'aikata su shiga. Ranar da aka fara babban yajin aikin nan da ake koya wa yara a makaranta, wanda aka ce daga shi ne Turawa suka fara gane cewa zamansu ya kusa ƙarewa, ranar ce kaɗai a rayuwarsa ya makara. Maza na can bakin ƙofa suna kafa tarihi, shi yana gida lulluɓe da bargo. Aka kore shi saboda sakaci, ya zo ya kafa tebur a bakin titi yana gyaran agogo. Mutumin da makara ta raba da aiki ya koma gyara wa jama'a agogo, wa zai ji wannan bai dara ba? Duk wanda rana ta fito masa a kan gado a gidanmu sai mu ce ya yi barcin Baba. Ni ce ma kan gaba, har kwaikwayonsa nake yi a gabansa, ina miƙa ina hamma ina tambayar ko an sami 'yancin ne. Shi kuwa sai ya yi dariya da ɗan gilashin nan maƙale a idonsa, ya ce ai barcin ranar ya yi daɗi.

To, ka san ma'aikatar ta daɗe a rufe. Bana aka yanke shawarar mai da ita gidan tarihi, aka kuma ce za a kafa bangon dutse a bakin ƙofa, a rubuta sunan duk wanda aka kora ko aka ɗaure saboda yajin aikin. Aka naɗa kwamiti, sakatarensa wani malamin tarihi ne mai sanyin magana, wanda ya dinga bin gidajen tsofaffin ma'aikata yana neman takardu. Da ya zo gidanmu na ɗauko masa takardar korar Baba, na kuma ba shi labarin makara da duk gishirin da na saba sa masa. Ya yi ɗan murmushi don kada in ji kunya, sannan ya ce in yi haƙuri, sunan Baba ba zai shiga ba, tunda takardarsa sakaci ta ce, ba yajin aiki ba. Na ce masa ai dama ba mu sa rai ba, in dai ba bangon masu barci za a gina daban ba.

Har ya miƙe zai tafi sai ya tsaya, ya ce akwai abu ɗaya da yake damunsa. A rahoton 'yan sandan da ya karanta, an rubuta cewa wajen ƙarfe takwas sun zo gidan mai jiniya karɓar makulli, suka same shi a kwance, ya ce bai san inda ya yar da shi ba. Suka birkice gidan ba su samu ba, sai kusan ƙarfe goma Baturen ma'aikatar ya sa aka ɓalle ƙofar ɗakin. Malamin ya ce shi a saninsa, mutumin da ya makara da gaske, ya buɗe ido ya ga 'yan sanda a kansa, jiki na rawa zai miƙa makulli don ya tsira da aikinsa. Ya tambaye ni ko mun taɓa jin wani abu game da makullin, na ce ko kusa. Ya ce in mun tuna wani abu mu hanzarta, don nan da mako ɗaya za a miƙa sunaye ga masu sassaƙa dutse, kuma abin da aka sassaƙa ba ya gyaruwa.

Bayan ya tafi na iske Inna a ƙofar ɗakinta ta miƙe ƙafafu a rana. Cikin wasa na tambaye ta, wai da gaske ne Baba ya makara ranar nan. Ta ɗaga kai ta dube ni, ta daɗe tana kallona har na tsargu, sannan ta ce in ɗauko mata gwangwanin maɓallai. Ka tuna shi, mai hoton furen da ya goge, wanda take dukan hannunmu in mun buɗe. Ta sa yatsu ta tona, ta zaro wannan ƙaton makullin mai ruwan ƙwai da ba ya buɗe komai a gidan, wanda kai ka dinga tsotsa lokacin da kake fitar da haƙori. Ta ajiye mini shi a tafin hannu, ta ce mahaifinmu bai yi barci ba.

Ga yadda ta ba ni labarin. A lokacin dokar ma'aikata ita ce duk wanda jiniya ta yi ƙara bai shiga ba cikin minti goma, an kore shi. Da Turawa suka ji ƙishin-ƙishin ɗin yajin aiki, sai suka ce ranar 'yan sanda za su tsaya a ƙofa da rajista, wanda bai shiga ba a rubuta sunansa a kama shi. Mutane suna so, amma suna tsoro, kowa yana jiran ya ga abin da na kusa da shi zai yi. Ana saura kwana biyu wasu mutum uku suka tare Baba a hanyar dawowa daga aiki. Ba su ce ya yi maci ba, ba su ce ya ɗaga tuta ba, tambayarsa kawai suka yi ko jiniya tana iya yin rashin lafiya na yini ɗaya. Bai ce musu e ba, bai ce a'a ba, ya wuce gida.

Inna ta ce da safiyar ranar, bayan ya yi salla, ya yi wanka ya sa kakinsa, ya ɗaura takalmi, ya zauna a bakin gado da agogo a kan gwiwarsa. Ta kawo masa shayi bai taɓa ba. Shida da rabi ta yi, lokacin da yake fita kullum, bai motsa ba. Ta ce masa lokaci fa ya yi, ya ce ya gani. Ita ba ta san komai ba a lokacin, ta dai tsaya a bakin ƙofa tana goye da ni. Ƙarfe bakwai ta buga, ba a ji komai ba. Ta ce tunda aka kawo ta garin ba ta taɓa jin shiru irin wannan ba, har tafiyar agogon da ke gwiwarsa tana ji. Ya zauna haka na wani ɗan lokaci, sannan ya kwance takalmi, ya cire kaki ya ninke, ya miƙa mata makullin ya ce ta sa shi inda ba za a gani ba, ya hau gado ya ja bargo.

Ka san inda ta sa shi? A cikin zanen goyo, tsakanin bayanta da cikina. 'Yan sanda suka zo suka ɗaga katifa, suka zazzage akwati, suka leƙa har cikin tulu, amma babu wanda ya ce ta sauke jaririya. Ta ce ina ta barcina, ko motsi ban yi ba. Auta, ka ji fa, ashe mai barci ɗaya ce a gidan ranar, kuma ni ce, kwance a kan makullin.

A can bakin ma'aikata kuwa, duk wanda ɗan sanda ya tambaya me ya sa bai shiga ba, sai ya ce jiniya yake jira. Babu wanda aka iya rubutawa, tunda babu wanda ya makara. Awa uku suna tsaye suna kallon juna, masu tsoro suka ga yawansu, masu shakka suka ga maƙwabtansu ba su gudu ba. Lokacin da aka ɓalle ƙofa aka busa jiniyar, babu ƙafar da ta ɗaga. Shi kuma Baba aka tafi da shi, kwana tara ana tambayarsa wa ya sa shi, yana cewa makara ya yi. Da ya ce da gangan ne, da sai ya faɗi sunayen mutum ukun nan. Ya dawo gida da kunnen hagu a mace. Wannan kunnen da muke cewa ƙarar jiniya ce ta kashe shi, ba ita ba ce.

Na tambayi Inna me ya sa bai yi magana ba bayan Turawa sun tafi, lokacin da kowa yake fitowa da nasa labarin jaruntaka, har da waɗanda suka ɓuya a ƙarƙashin gado. Ta ce ita ma ta yi masa wannan tambayar. Ya ce mata, cikin mutum ukun biyu sun rasu, na ukun ya zama babban mutum bai ƙara tada zancen ba, shi kuma ba zai bi gari yana roƙon a yarda da shi ba. Ya ce ta ajiye makullin, in wani cikin yaran ya tambaye ta, ta faɗa masa gaskiya, in ba su tambaya ba ta bar su su yi dariyarsu, don dariya a gida ba abin ƙi ba ce. Inna ta ce ta yi ta jira. Mu bakwai ta haifa, ga jikoki, ga 'ya'yan jikoki, shekara sittin da 'yan kai kowa yana ba da labarin a gabanta, amma ba a taɓa samun wanda ya juyo ya tambaye ta ba, alhali ita kaɗai ce take cikin ɗakin. Ban ɓoye maka ba, na yi kuka, kuma kunya ta fi baƙin cikin yawa.

Washegari na ɗauki makullin na tafi zaman kwamiti. A nan na gamu da Mai Guduma. Ba lallai ka tuna shi ba, tsohon maƙerin ma'aikatar ne, ya haura casa'in, ya yi wata shida a kurkuku saboda yajin aikin, kuma shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka tsaya a ƙofar ranar. Da na gama bayani sai ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce su sun sha duka, 'ya'yansu sun kwana da yunwa, sannan yanzu a ɗauko sunan mai barci a jera da nasu. Ya ce kowane gida in aka tona za a sami tsohon makulli. Wallahi ban ji haushinsa ba, don bai faɗi rabin abin da ni na sha faɗa a kan Baba ba. Na ga alamar maganarsa ta fi tawa nauyi a wurin sauran 'yan kwamiti, na fara cire rai. Sai malamin tarihi ya ce tunda ɗakin jiniyar yana nan, me zai hana a je a tambayi ƙofar.

Muka ɗunguma muka tafi, Mai Guduma yana bayanmu yana mita. Ƙofar tana nan, ta ƙarfe, an yi mata wurin rataya kwado daga baya, amma tsohon gidan makullin da ke jikinta ba a cire shi ba. Harshensa yana waje, ya yi tsatsa, don a kulle aka ɓalle ta, kuma tun ranar babu wanda ya iya mai da shi ciki. Malamin ya zura makullin, ya shiga, amma ya ƙi juyawa. Ya gwada sau uku, bai juya ba. Sai Mai Guduma ya ce a matsa masa, masu biro ba su san ƙarfe ba, kada a karya abu a ce shi ya hana. Ya sa aka kawo mai, ya ɗiga, ya jira, ya dinga lallaɓa makullin gaba da baya yana kasa kunne kamar likita. Can sai muka ji ƙas, harshen ya koma ciki.

Tsohon ya nemi wuri ya zauna a kan wani bulo. Sannan ya ce shekara sittin yana gode wa Allah da ya saukar wa mai jiniya barci ranar nan, don ba domin awa ukun nan ba, shi kansa da ya shiga, ƙafarsa ɗaya ma tana ciki. Ya ce bai san akwai mutumin da ya kamata ya yi wa godiya ba. Ya ce duk sanda ya wuce teburin Baba sai ya kira shi Sarkin Barci, Baba ya amsa, har ya gyara masa agogo ya tambaye shi iyali. Washegari da hantsi sai ga shi a gidanmu, an riƙo shi, ya zo neman gafarar Inna. Ta ce masa ya sha kuruminsa, in ana neman gafara a kan wannan, layin daga cikin gidanta zai fara.

Asabar ɗin da ta wuce aka buɗe wurin. Injiniyoyi sun yi mako biyu suna gyaran tsohuwar jiniyar don a busa ta ƙarfe bakwai daidai, aka kuma aiko cewa Inna ake so ta busa. Ta ce a gaya musu ta gode, amma in girmama mutumin suke so su yi, to bakwai ta yi kada a busa. Shugaban kwamiti ya so ya yi gardama, Mai Guduma ya ce abin da ta faɗa shi za a yi. Haka muka tsaya a bakin ƙofar da sassafe, mutane cike da fili, tsofaffi a kan kujeru, ɗalibai a jere, manyan baƙi da tawagarsu. Aka sanar da dalili, kowa ya zuba wa babban agogon ido. Bakwai ta yi, babu abin da ya yi ƙara. Minti guda cur ba ka jin ko tari. Ina riƙe da hannun Inna, na ji ta matse nawa, ta ce mini a hankali irin wannan shirun ne.

Daga nan aka yaye ƙyallen da ya rufe bangon. Sunansa yana layi na huɗu, an rubuta mai busa jiniya a ƙarƙashinsa. Tunda Inna ba ta karatu, ta ce in ɗora mata yatsa a kai, ta bi haruffan ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Sannan ta ce a mai da ita gida, ƙafarta ta fara ciwo. Makullin kuwa ta ce a bar shi a jikin ƙofarsa, ya daɗe rabonsa da zuwa aiki.

Tun ranar raina fes yake, Auta. Na ɗauka kunyar za ta daɗe tana cina, amma sai na tuna yadda yake dariya in ina kwaikwayonsa, na gane ba dariyar dole ba ce. Mutum ne da ya san abin da ya yi, bai buƙaci mu tafa masa ba. Abin da nake roƙonka shi ne ka tara yaranka ka karanta musu wannan takarda, don na san ka riga ka ba su tsohon labarin, da ƙarin naka gishirin. Na tambayi Inna ko mu hana faɗin barcin Baba a gidan, ta ce a'a, a ci gaba da faɗa, shi ma yana so, sai dai duk wanda zai faɗa ya san abin da yake faɗa.

Ka gaishe mini da maiɗakinka, ka ce na ga saƙon maganin gwiwa, Allah ya saka da alheri. Ka gaishe da Babban Yaya in kun yi waya, da yaranka Likita, da Dogo, da 'Yar Baba, Allah ya yi musu albarka ya ba su sa'ar karatu. Kawu yana gaishe ka, haka mai jego da mijinta, da duk maƙwabta har da masu ƙorafin ganye. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya sada mu da alheri.

Na karanta wa Inna takardar kafin in rufe, ta ce in ƙara maka magana ɗaya. Ta ce gwangwanin bai ƙare ba, akwai sauran abubuwa a ƙarƙashin maɓallan, ita kuma tana nan zaune a ƙofar ɗakinta. In kana da abin tambaya, kada ka makara.

Wassalam.

Taka har kullum,
Yayarka